TAFIYA A BAKIN RUWAN TIGA

Editan wannan jarida tamu ya roƙi kowane aji ya kawo labarin wani abu da ya gani, ya kuma ƙaru da shi, sa'ad da aka rarraba mu cikin ƙauyuka domin gwajin koyarwa. Mu 'yan ajin ƙarshe waɗanda rabonmu ya faɗa kudancin Kano, watau ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, muka taru muka yi shawara, bakinmu ya zo ɗaya a kan mu ba da labarin hanyar bakin ruwa, da tafiyar ƙasa da gudu da hawan keke da muka yi a kanta. Watakila wani ya ce, ina ruwan malamin makaranta da zancen hanya, shi da aikinsa alli da allo? To, a yi mana haƙuri a ji ƙarshen maganar. Mu dai a ganinmu, lafiyar malami da ta almajiransa, da rabin darussan da mu ke wahalar bayyanawa cikin ɗaki, duk suna nan shimfiɗe a bakin ruwan nan, kaɗan ne suka kula da su.

Bari mu fara da ruwan kansa, saboda waɗanda ba su san wajen ba. Kogin Kano ya taso ne daga gindin duwatsun ƙasar Jos, ya ratsa dajin Falgore, ya gangaro arewa har ya gamu da kogin Calawa kusa da Tamburawa. Daga nan su biyu suka zama ɗaya, suka wuce Wudil da Haɗeja, suka nufi Yobe da tabkin Cadi. Dattawa sun gaya mana da can kogin nan na damina ne kaɗai. In ruwa ya sauka ya kan cika ya batse, ya hana ƙetarewa kwana da kwanaki. In kuwa rani ya yi sai ya koma rairayi, mata su tona da ƙoƙo su ɗebi ɗan abin da ya tsattsafo.

A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ƙudura a tare ruwan nan. Aka fara da ƙaramar madatsa a Bagauda cikin ƙasar Bebeji, sa'an nan cikin 1971 aka soma babbar madatsa a Tiga, aka gama ta cikin 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasar Hausa duka. Ƙasa ce aka tara aka danne, aka jera duwatsu a fuskar da ke duban ruwa. Tsawonta wajen kilomita 6 ne, watau mil 4 ba kaɗan, tsayinta kuwa a inda ta fi tsayi mita 48. Tabkin da ya taru a bayanta ya mamaye murabba'in kilomita 178, an kuma gina shi don ya ɗauki ruwa kusan kubik mita miliyan 2,000. Dubban mutane aka tayar daga gidajensu da gonakinsu da kushewun iyayensu kafin ruwa ya rufe wurin. Bai kamata mai yawo a bakin tabkin ya manta da wannan ba, domin kyan da ya ke kallo waɗansu ne suka biya kuɗinsa.

Daga Tiga aka ja wata babbar magudana, wadda mutanen wurin ke ce wa kanal. Ta bi ta Ruwan Kanya, ta rabu reshe reshe, ta kai ruwa gonakin rani na Kadawa da Garun Malam da Kura da Bunkure. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa cikin 1976, ita ke kula da madatsar da kanal ɗin duka. Masu gini sun bar hanya a gefen kanal domin motocin masu duba aiki, amma talaka mai ƙafa da mai keke su suka fi kowa morarta. Dalili kuwa shi ne, ruwa ba ya hawa tudu, kuma in ya yi gangara da yawa sai ya ci bakin magudana. Tilas aka shimfiɗa kanal ya riƙa sauka kaɗan kaɗan, hanyar gefensa ma ta bi shi hakanan. Saboda haka mutum ya yi tafiyar sa'a guda a kanta, bai ji ya hau tudu ba, bai ji ya gangara kwari ba.

Tafiya ba baƙuwar ƙasar nan ba ce. Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar fatake ta Kano zuwa Zazzau, daga can kuma zuwa Nufe da Gwanja. A nan aka haifi Alhasan Ɗantata cikin 1877, wanda ya fara neman arzikinsa da fataucin goro a lokacin da ba mota ba jirgi, sai ƙafa da jaki. Wani Bature matafiyi, Kyaftin Kilafatan, ya biyo ta Bebeji cikin 1826, ya rubuta cewa babban gari ne mai ganuwa da ciniki. Ko rundunar Kanar Molan da ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903 a ƙasa ta zo, a Bebeji kuwa aka fara tarbarta da yaƙi kafin ta kai Kano ran 3 ga Fabrairu. Da reluwe ya iso Kano cikin 1911, aka yi tasha a Dangora cikin ƙasar Kiru, sai ayari ya fara raguwa. Mota ta zo ta ƙara rage shi, babur ya zo ya ƙarasa. Yau ga mu, jikokin waɗanda suka taka zuwa Gwanja, in za mu kasuwar da ke bayan gari sai mun tsaya jiran mai babur.

Waɗanda aka ajiye a makarantun kusa da Tiga su suka fara fita. Ran Asabar da Lahadi, in an idar da sallar asuba, sai mu kama hanyar kanal kafin rana ta fito. Da hunturu hazo ya kan kwanta bisa ruwa kamar hayaƙi, ba ka ganin komai sai ka ji muryar masunta suna kiran juna, da ƙarar filafili a jikin kwalekwale. In gari ya ɗan waye sai ka ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, balbelu na bin shanun Filani da aka kawo shayarwa, kirinjijiya na wucewa garke garke suna fito. Masunta su fito da karfasa da tarwaɗa, 'yan sari su kewaye su tun kifi na motsi. Can gaba kuma manoman rani ne kowa da fartanyarsa, wani na buɗe wa alkama ruwa, wani na tsinkar tumatir yana zubawa a kwando, wani na cirar albasa. Mun sha karanta noman rani cikin littafi, mun kuma rubuta shi a jarrabawa mun ci, amma sai da muka tsaya muka ga yadda a ke toshe wannan fangali da laka a buɗe wancan, sa'an nan muka fahimce shi. Gani ya kori ji.

Mai tafiya a ƙasa ya fi kowa samun gaisuwa. Mai babur sai dai ya ɗaga hannu ya bar mutane da ƙura, amma mai ƙafa tilas ya yi sallama, a tambaye shi gajiya, ya tambayi aiki. Cikin mako uku muka san iyayen almajiranmu da yawa a bakin gonakinsu. A can muka gane abin da ya sa wani yaro ke gyangyaɗi kullum cikin aji, ashe tun kafin asuba ya ke fita ban ruwa da ubansa, domin da dare ne layinsu ke samun ruwa. Ba mu iya hana shi taimakon ubansa ba, ba mu kuwa so mu hana, amma muka mayar da shi gaban aji, muka daina yi masa tsawa. Rajistar makaranta ba ta gaya wa malami irin wannan.

Daga tafiya sai masu ƙarfin jiki cikinmu suka ce a gwada gudu. Muka nemi izini wajen masu tsaron madatsa, suka yarda mana, muka riƙa hawa bisanta da sassafe. Mun auna da agogo, mai tafiya ba gaggawa ya kan kai ƙarshenta cikin sa'a guda da 'yan mintoci, mai sassarfa cikin minti 35 ko 40, mai keke kuwa cikin minti 25. Wani cikinmu mai son lissafi ya ce, gudun ya-da-ƙanin-wani da a ke tsere a kansa a manyan biranen duniya tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, watau ke nan wanda ya bi madatsar Tiga sau bakwai ya kusa cika shi. Muka yi dariya, muka ce mu dai sau ɗaya ya ishe mu tukuna, sannu ba ta hana zuwa.

Ran da muka fara gudun, wani tsohon masunci na zaune yana ɗinkin taru. Da ya hango mu sai ya miƙe tsaye, ya ce, "Samari, lafiya? Wa ya koro ku?" Muka tsaya muka gaishe shi, muka ce, "Lafiya lau, Baba, motsa jiki mu ke yi." Ya dube mu tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Ikon Allah! Mu muna neman inda za mu zauna mu huta, ku kuwa kun fito neman gajiya ba mai biyanku. 'Ya'yana, ni da na ke kamarku na kan ɗauki kayan busasshen kifi a kai, in kwana ɗaya a hanya, in shiga Kano, ban taɓa jin an ba abin nan wani suna ba." Muka ce, "Gaskiyarka, Baba." Ya yi murmushi ya koma kan tarunsa, ya ce mu gai da gida.

Maganar tsohon nan ta tsaya mana a rai, muka yi ta tattauna ta a masauki. Gaskiya ya faɗa game da kansa, domin masunci da manomi da mai kiwo ba su bukatar kowa ya ce musu su motsa jiki, aikinsu ya ɗauke musu wannan. Amma mu aikin da mu ke shirin kamawa na zama ne. Malami ya tsaya gaban allo da safe, ya zauna duban littattafan yara da rana, ya zauna shirin darasi da dare, shekara talatin yana haka. Duk mun san malaman da ba su kai hamsin ba hawan jini ko ciwon sukari ya kwantar da su, iyali suka shiga wahala, aji ya zauna ba malami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya kamata ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki kowane mako, yaro ɗan makaranta kuwa minti 60 kowace rana. Minti 150 bai wuce bin madatsar Tiga a ƙasa sau biyu ba, da ɗan ƙari. Abin da tsohon nan ya samu kyauta cikin sana'arsa, mu sai mun fita mun neme shi da gangan.

Sai zancen keke, wanda ya fi ba mu daɗi, ya kuma fi jawo mana magana. Iyayenmu sun ce da can malami ko ma'aikaci in ya sayi Raleigh, gari duka sai ya zo kallo, a goge shi da tsumma kullum safiya, a ɗaura masa ado, yara su bi shi a guje in ya kaɗa ƙararrawa. Yanzu al'amari ya juya. In malami ya shigo gari a kan keke sai ka ji wani daga bakin shago ya ce, "Malam, ba a yi albashi ba ne?" Mun ga abokan aiki da suka ci bashi suka sayi babur don gudun irin wannan magana, rabin albashinsu ya tafi wajen biya da sayen mai. Tun da aka janye tallafin fetur cikin Mayu 2023, kuɗin mai ya ninka, mutane da yawa suka sauko da tsofaffin kekunansu daga rataya, masu faci suka sami ciniki. Mu a ganinmu wannan kunya ba ta da tushe. Keke ba ya shan mai, ba ya cin dawa, gyaransa kuwa kowane ƙauye akwai mai yi. Wanda ya raina malami don ya gan shi a kan keke, da ma can ba ilminsa ya ke girmamawa ba.

Da aka ba da hutun tsakiyar zango muka shirya tafiya ta kwana uku, mu tara. 'Yan Kiru suka biyo ta Kwanar Dangora, 'yan Bebeji suka gangaro, muka haɗu a Tiga. Kowa ya ɗaure tabarma da buta da ɗan guzuri a kariya, muka ɗauki famfo biyu da sholisho da guntayen roba, domin tsidau ba ya jin tausayin taya. Muka bi 'yan hanyoyin ƙauye, ruwa na ɓuya yana bayyana ta hannun hagu, har muka faɗa titin da ya nufi Tudun Wadan Ɗankadai. Da rani tabkin ya kan ja baya ya bar laka mai albarka, mutane su bi shi da shuka, saboda haka hanyar da ka bi bana watakila baɗi tana ƙarƙashin ruwa. Sau huɗu muka tsaya faci, sau biyu muka saɓa kekuna a kafaɗa muka ƙetare rafi. Duk ƙauyen da muka shiga sai mu fara zuwa ƙofar mai gari mu yi gaisuwa, mu ce, "Ranka ya daɗe, malaman makaranta ne masu wucewa." Ba inda aka bar mu muka tashi ba a kawo mana fura ko ruwan sanyi ba.

Kudu da Tudun Wada ƙasa ta sake kama. Itatuwa suka yi yawa, ɗorawa da kaɗanya da maɗaci da marke, duwatsu suka fara tasowa, iska ta yi sanyi. Nan ne bakin dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa cikin shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji cikin shekarun 1960. Ba mu shiga ba, domin daji ne mai tsaro, kuma a shekarun baya ɓarayin shanu sun ɓuya a ciki sun wahal da mutane. 'Yan'uwanmu da ke koyarwa a ƙasar Doguwa suka taryo mu a nan, suka ba mu labarin duwatsun Riruwai, inda Hausawa ke haƙar kuza suna narkewa tun kafin zuwan Turawa. A wurin nan muka gane abin da ya haɗa dajin da tabkin. Itatuwan Falgore su ke riƙe ƙasa in ruwan sama ya sauka. In aka sare su aka yi gawayi, ƙasar sai ta bi kogi ta kwanta cikin tabki, tabki ya cike da laka, mai tumatir a Kadawa ya rasa ruwa alhali bai taɓa ganin Falgore ba.

Da muka koma aji sai muka fara fita da yara. Ga misalin darasi ɗaya, ko wani zai so ya gwada. Ƙafar babban keke faɗinta inci 28 ne. In ka buga 28 sau 22, ka raba da 7, ka sami inci 88, shi ne tsawon ƙasar da ƙafar ke ci a juyi guda. Mil ɗaya inci 63,360 ne, in ka raba da 88 sai ya ba ka 720 daidai, ba saura. Muka ɗaura jan ƙyalle a taya, yaro ɗaya na tura keke a gefen kanal, sauran na ƙirga juyi da ƙarfi, duk ɗari a jefa tsakuwa cikin gwangwani. Yaran da suka yi wata guda suna haddace ƙa'idar da'ira ba su san amfaninta ba, rannan suka auna nisan makarantarsu daga gada da kansu, suka koma gida suna gardama a kan lissafi. Haka kuma labarin ƙasa, da sunayen itatuwa da tsuntsaye, da tarihin garuruwan da ruwa ya ci, duk sun fi shiga kai a inda a ke ganinsu.

Amma fa kada daɗin labari ya sa mu ɓoye haɗarin da ke ciki, domin ruwa ba abokin wasa ba ne. Na farko tsargiya. Yara da yawa a ƙauyukan bakin ruwa suna fitsarin jini, har waɗansu na tsammani alamar balaga ce, ko zafin rana ne ya kawo. Ba haka ba ne. Mai cutar in ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwayayen tsutsa su kan fita su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wata 'yar katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa. Bayan 'yan makonni su fito da yawa, su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki, su girma cikin jijiyoyin mafitsara. Akwai maganinta a asibiti, ƙwaya ce a ke haɗiya, amma in yaro ya warke ya koma ruwan sai ta dawo. Saboda haka dokarmu ta farko in mun fita da yara ita ce, a bi gefen ruwa, kada a shiga. Na biyu nutsewa. Bangon kanal santsi gare shi, ruwan kuwa ya fi yadda ido ke gani gudu, wanda ya zame da wuya ya sami abin kamawa. Ba mu manta da abin da ya faru a madatsar Watari ta Bagwai ran 30 ga Nuwamba 2021 ba, sa'ad da jirgi ya kife da mutane, waɗanda suka rasu ba su kasa 29 ba, galibinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Malamin da ya fita da yara talatin amana talatin ya ɗauka, sai ya ƙirga su a fita, ya ƙirga su a komowa, ya sa babba gaba, shi ya tsaya baya. Na uku masu babur, waɗanda ke zuwa a guje da kwandunan tumatir ba su rage gudu. In an ji ƙararsu a tsaya layi ɗaya ta gefen gona, a bar musu hanya.

Ita madatsar ma tana da hakki a kanmu. Cikin Agusta 1988 ruwan sama mai yawa ya fasa madatsar Bagauda, aka yi hasarar rayuka da gidaje da gonaki, ita kuwa ƙarama ce ƙwarai in an gwada ta da Tiga. Madatsar ƙasa ƙaramin rami ke fara kashe ta. Don haka ba a haƙa a jikinta, ba a noma, ba a ɗebe duwatsun da aka jera, ba a kuwa dasa itace bisanta, gama saiwa in ta ruɓe ta kan bar wa ruwa ƙofa. Mai yawo kullum a wurin shi ne zai fara ganin tsagewa ko tsattsafi inda da babu, ya kuwa kamata ya gaya wa masu tsaro nan da nan. Ta haka mai neman lafiyar jikinsa ya zama mai gadin dukiyar jama'a, ba a biya shi kwabo ba.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu gane darajar irin hanyar nan. A Ingila an haƙa magudanu da yawa domin jiragen kaya, aka bar 'yar hanya a gefe inda doki ke bi yana jan jirgi da igiya. Da jirgin ƙasa ya kashe wannan sana'a, hanyoyin suka zama kufai, daga baya aka gyara su. Wadda aka buɗe cikin 1820 ta ratsa arewacin Landan, yau ma'aikata ke bin gefenta a ƙasa da kan keke zuwa wurin aiki. A Seul, babban birnin Koriya ta Kudu, akwai wani rafi da aka rufe aka yi titin mota a kansa. Cikin 2003 suka fara rushe titin, cikin 2005 suka buɗe rafin, suka yi masa hanyar ƙafa wajen kilomita 11. A Abuja ma mutane na fita bakin tabkin Jabi da safe don gudu. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa cikin 2018 ta keɓe ran 3 ga Yuni ta zama ranar keke. Su sai da suka kashe dukiya mai yawa kafin su sami abin da mu ke da shi a bayan makarantunmu.

To, ga abin da mu ke roƙo. Muna roƙon shugabanninmu na kwaleji su sa hawan keke da gyaransa cikin abin da a ke koya mana, yadda kowane ɗalibi zai fita ya iya faci da ɗaure birki da gyaran sarƙa, gama yawancinmu ƙauye za a kai mu. Muna roƙon 'yan'uwanmu da za a tura kudancin Kano baɗi su ci gaba da fita da yara, ko da sau ɗaya ne a wata, su nemi yardar hedimasta da ta iyaye tukuna. Kada a bar 'yan mata a baya, malamansu mata su fita da su a nasu lokaci, domin matan Filani da ke taka mil biyar da ƙwaryar nono a kai sun isa shaida cewa tafiya ba ta maza ce kaɗai ba. Muna kuma ba da shawara kowace makaranta da ke kusa da kanal ta nemi izinin hukuma, ta dasa darbejiya ko tsamiya ta gefen gona, nesa da bangon magudana, kowane aji da itatuwansa, yara su riƙa ban ruwa. Ruwa na kusa, ba abin da zai hana su kamawa, cikin 'yan shekaru mai tafiya da tsakar rana ya sami inuwa.

Daga ƙarshe muna tunasar da kanmu cewa yaro ya fi koyi da abin da ya ga malaminsa na yi bisa abin da ya ji yana faɗi. In almajiranmu suka ga muna jin kunyar tafiya a ƙasa, su ma za su tashi suna jin kunyar iyayensu manoma. In kuwa suka ga malaminsu ya naɗe ƙafar wando ya hau keke, ya tsaya ya gai da masunci, ya san sunan kowane itace a hanya, to, za su san ilmin boko bai raba mutum da ƙasarsu ba. Wanda ya ke da keke a gida, in za a dawo daga hutu ya zo da shi. Wanda ba shi da shi kuwa ya zo da takalmi mai ƙwari. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.